Andrew Foster, kurman da ya kafa wa kuramen Afirka makarantu fiye da 30

Duk wanda ya tashi a ƙasar Katagum ya san abin da bazara kan zo da shi. Daga ƙarshen hunturu zuwa saukar ruwan fari, lokacin da ƙura ta gama busar da maƙogwaro, zafi kuma ya hana kwana a ɗaki, iyaye a Azare da Bulkachuwa da ƙauyukan da ke kewaye da su kan zuba ido a kan duk yaron da ya yi ƙorafin ciwon kai, wuyansa kuma ya ƙi lanƙwasuwa. Sanƙarau ke nan. A annobar 1996 kaɗai, cutar ta kama fiye da mutum 100,000 a Nijeriya, ta kashe sama da 11,000, akasarinsu a jihohin Arewa.

Adadin mamata shi ake bugawa a jarida. Akwai kuma wani lissafi da ba a cika yi ba, na yaran da suka tashi daga jinya da ransu amma kunne ya tafi. Yaron da a makon jiya yake amsa kiran mahaifiyarsa daga ƙofar gida, yau sai an dafa kafaɗarsa kafin ya waiwayo. Dangi su zo barka, a yi godiya ga Allah, sannan a bar iyaye da tambayar da likita ba ya amsawa: wace makaranta zai koma? Ajinsa na da, inda malami ke magana ya ba yara baya yana rubutu a allo, ko kuwa makarantar kwana ta masu buƙata ta musamman a Bauchi, tafiyar sa'o'i daga gida?

Wannan cuta da wannan tambaya su suka tsara rayuwar Andrew Jackson Foster, baƙar fatar Amurka wanda ya shafe shekara 30 yana kafa makarantun kurame a Afirka. Sunansa bai yi amo a tsakanin Hausawa ba. Amma tafintan da ke tsaye a kusurwar talabijin yana juya labarai da hannu, da malamin da ke koyarwa a makarantar kurame ta Tudun Maliki a Kano, alamomin da suke yi sun samo asali ne daga waɗanda wannan mutum ya shigo da su Ibadan a 1960.

Ɗan mai haƙar kwal

An haifi Foster ranar 27 ga Yuni, 1925, a Ensley, wata unguwar ma'aikatan ƙarfe da kwal a birnin Birmingham na jihar Alabama. Mahaifinsa mai haƙar kwal ne. Yana da shekara 11 sanƙarau ya kama shi tare da ƙanensa Edward. Dukansu biyu sun rayu, dukansu biyu kuma sun kurumce.

Shekarun da yake da su a lokacin suna da muhimmanci. Yaro ɗan shekara 11 ya riga ya iya magana, ya iya karatu, ya san cewa kowane abu yana da suna. Abin da ya rasa shi ne hanyar da magana ke bi ta shigo masa. Wanda aka haifa kurma a gidan da babu mai yi masa maganar hannu kuwa, yakan kai wannan shekarun bai mallaki cikakken harshe ko ɗaya ba. Foster ya ɗanɗani duniyar masu ji kafin a rufe masa ita, shi ya sa ya san girman abin da ake hana yaron da aka bari babu harshe.

Alabama ta wancan zamani jiha ce ta wariyar launin fata a bisa doka. Makaranta daban, wurin zama a mota daban, famfon shan ruwa daban. Naƙasa ba ta ɗauke wa kowa wannan hukunci ba. A garin Talladega jihar tana da makarantar kurame ta farar fata, tana kuma da wata dabam ta kurame da makafi baƙaƙe, can aka kai Foster. An ware shi sau biyu ke nan: kurumta ta fitar da shi daga makarantar unguwa, launin fata ya hana shi shiga makarantar kurame mai kayan aiki. Karatun da aka tanadar wa baƙaƙen kurame bai wuce aji shida ba. Daga nan sai aikin hannu, domin hukuma ta riga ta yanke cewa iyakar abin da za su iya ke nan. Sai a ƙarshen shekarun 1960 aka haɗe makarantun biyu.

Wani abu ya fito daga wannan rabewar wanda masu ita ba su nufa ba. Tun da yaran baƙaƙe ba sa haɗuwa da takwarorinsu farare, sai maganar hannunsu ta ɗauki nata salon, har masana harshe a yau suna nazarinta a matsayin karin harshe mai zaman kansa. Ko'ina aka tara kurame wuri ɗaya, harshe yakan tsiro a tsakaninsu. Foster ya ga wannan da idonsa tun yana yaro.

Yana ɗan shekara 17 ya bar Kudu ya koma Detroit a jihar Michigan, wurin wata 'yar'uwar iyayensa. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu ne, masana'antu na neman hannu. Ya riƙa aiki da rana, ya yi karatu da dare, ya kuma yi karatu ta gidan waya, irin wanda akawuna da malaman makaranta a Arewa suka riƙa yi a zamanin Turawa don neman ƙarin girma. A 1950 ya sami difiloma a fannin lissafin kuɗi da harkar kasuwanci, a 1951 kuma ya sami takardar kammala sakandare. A lokacin ya haura shekara 25. Abin da yaro mai ji yake gamawa kafin gemu ya fito masa, shi sai da ya kai magidanci, kuma ba don ƙwaƙwalwarsa ta gaza ba.

A Detroit ɗin ne ya saurari, ko kuma a ce ya kalli, jawabin wani ɗan mishan da ya zo daga Jamaika yana bayanin halin da kurame ke ciki a can. Foster Kirista ne mai riƙo da addininsa, kuma daga nan tunanin zuwa Afirka ya shige shi.

Ƙofar Gallaudet

A duk faɗin Amurka, kwaleji ɗaya ce aka gina domin kurame: Gallaudet, a birnin Washington, wadda Shugaba Abraham Lincoln ya sa hannu a dokar kafa ta a 1864. Shugaban da ya soke bauta shi ya ba ta izini, amma ta yi shekara 90 ba ta yaye baƙar fata ko ɗaya da digiri ba. Foster ya nemi shiga an ƙi shi, ya sake nema, har aka karɓe shi a 1951 tare da tallafin karatu.

Harabar da ya shiga tana cikin nata rikicin. A cikinta akwai makarantar ƙananan yara kurame mai suna Kendall. Tun 1905 aka daina karɓar baƙaƙen yara a can, ana tura su makarantu a wajen birnin, musamman jihar Maryland. Wata uwa mai suna Louise Miller, wadda ɗanta kurma ne, ta haɗu da wasu iyaye suka kai ƙara, a 1952 kotu ta ba su gaskiya. Abin da hukumar ta yi shi ne ta karɓi yaran, amma ta ajiye su a wani gini dabam a cikin harabar, da malamansu dabam. Duk ma'aikacin gwamnati ya san irin wannan biyayya ga umarni, wadda ke cika harafin takarda ta bar manufarta a waje. Foster yana ɗalibi a wurin lokacin da ake wannan.

Ya gama karatun shekara huɗu a cikin uku. A 1954 ya karɓi digirinsa a fannin koyarwa, baƙar fata na farko da ya yi haka a tarihin kwalejin. A ranar 17 ga Mayun shekarar ce Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci a shari'ar Brown cewa raba makarantu saboda launin fata ya saɓa wa tsarin mulki. Kafin 1956 ta ƙare, ya ƙara digiri na biyu har guda biyu, ɗaya a ilimin masu buƙata ta musamman a Michigan, ɗaya a aikin mishan a Seattle.

Da waɗannan takardu ya je wurin ƙungiyoyin mishan yana neman su tura shi Afirka. Ba su karɓe shi ba. Ƙungiyoyin da ke tara kuɗi da sunan ceton baƙar fata ba su shirya aika baƙar fata kurma ya wakilce su ba. A 1956 sai ya kafa tasa ƙungiyar a Detroit, ta mishan domin kuramen Afirka, ya shiga yawon majami'u da tarukan kurame yana tara gudunmawa.

Daga Accra zuwa Ibadan

Ya sauka Ghana a 1957, shekarar da ƙasar ta sami 'yancin kai a ƙarƙashin Kwame Nkrumah. A lokacin, makarantun kurame a duk nahiyar ba su wuce goma sha biyu ba, kuma kusan dukansu suna Afirka ta Kudu ne da ƙasashen Larabawa na arewa. Ya ari aji a wata makarantar mishan a unguwar Osu da ke Accra, yana koyarwa da yamma bayan yara masu ji sun tashi. Da ɗalibai suka yi yawa, aka mayar da makarantar Mampong, a tsaunukan Akuapem, ta zama ta kwana. Daga baya gwamnatin Ghana ta karɓi ragamarta.

A 1960 ya buɗe makaranta a Ibadan, daga bisani kuma a Enugu da Kaduna, wato ɗaya a kowace daga cikin jihohi uku na Nijeriyar wancan lokaci. Ba shi ne ya fara koyar da kurame a ƙasar ba. Makarantar Wesley ta Legas ta riga shi da 'yan shekaru. Bambancin yana cikin hanyar koyarwa, kuma wannan bambanci tsohon rikici ne.

A 1880 malaman kurame daga ƙasashen Turai da Amurka sun yi babban taro a Milan ta Italiya, kusan dukansu masu ji ne, suka zartar cewa koyar da kurma ta hanyar furuci da karanta leɓe ya fi maganar hannu. Daga nan aka kori maganar hannu daga azuzuwa a ƙasashe da yawa, aka sallami malamai kurame, aka riƙa hukunta yaron da aka kama yana motsa hannu. Hujjarsu ba ta rasa kyakkyawar niyya ba: suna so kurma ya saje da jama'a, kada ya zama bare. Sakamakon shi ne yaro ya ɓata shekaru yana koyon furta sautin da bai taɓa ji ba, lissafi da tarihi da kimiyya suna jiransa. Karanta leɓe kuwa rabinsa canki-canki ne. Bahaushe ya tsaya gaban madubi ya furta baba, sannan ya furta mama, zai ga leɓe bai nuna wani bambanci ba.

Turawan mulkin mallaka wannan tsari suka sani, shi suka kawo. Foster ya zo da akasinsa. A ajinsa ana amfani da hannu, da harrufan yatsu, da rubutu, da furuci ga wanda zai iya, duk abin da zai isar da ma'ana. A shekarar da ya buɗe makarantar Ibadan ne wani malamin Gallaudet, William Stokoe, ya wallafa binciken da ya nuna cewa maganar hannun kuramen Amurka cikakken harshe ce mai nahawunta, ba kwaikwayon Ingilishi ba. Masana sun ɗauki shekaru kafin su yarda. Foster bai jira su ba.

Shi kansa hujja ne mai tafiya da ƙafa. Uban da ya kawo ɗansa yana ganin bebe ba shi da rabo sai a dako ko bara, sai ya tarar da shugaban makarantar kurma ne, baƙi kamarsa, mai digiri uku. Babu wata takardar manufa da za ta yi aikin da wannan gani ya yi.

A 1959, a taron kurame na duniya da aka yi a Wiesbaden ta Jamus ta Yamma, ya haɗu da Berta Zuther, Bajamushiya kurma. Ta biyo shi Afirka, suka yi aure a Nijeriya a 1961, suka haifi 'ya'ya biyar. Ta yi koyarwa, ta riƙe ofis, bayan rasuwarsa kuma ita ta ci gaba da jan ƙungiyar.

Tsarinsa ba mai wuyar fahimta ba ne. Ya buɗe makaranta, ya horar da malamai daga cikin 'yan ƙasa, kurame da masu ji, ya miƙa musu ko ya miƙa wa gwamnati, ya wuce gaba. Waɗanda suka fi hazaƙa yakan nema musu gurbi a Gallaudet. Daga cikinsu akwai Seth Tetteh-Ocloo na Ghana, da Gabriel Adepoju wanda ya dawo ya yi aikin kafa makarantar kurame a Kwara, da Ezekiel Sambo wanda ya kafa ta Filato a 1977. Cibiyarsa ta Ibadan ta zama wurin horar da malamai daga ƙasashe rainon Faransa, kuma daga 1974, lokacin da ya buɗe makaranta a Kodebuwa, aikin ya bazu zuwa Togo, Chadi, Sanagal, Benin, Kamaru, Afirka ta Tsakiya, Zayar, Burkina Faso, Burundi da Gabon. Jimilla makarantu fiye da 30 a ƙasashe 13. A 1970 Gallaudet, wadda ta taɓa mayar da takardarsa, ta ba shi digirin girmamawa na dakta.

Abin da ya tarar a ƙasar Hausa

Masu rubuta tarihin Foster sukan yi magana kamar kafin zuwansa kuramen Afirka a duhu suke, babu harshe, babu matsayi. Game da ƙasar Hausa dai wannan ba daidai ba ne.

Hausawa suna da maganar hannu tasu, wadda wasu ke kira maganar bebaye, ta girmi kowace makarantar boko. Masaniyar harshe Bajamushiya Constanze Schmaling ta zauna a Kano ta nazarce ta, ta wallafa littafi a kanta a 2000, inda ta nuna cewa harshe ne mai tsarinsa da ƙa'idojinsa. Kurame a Kano suna da majalisunsu inda suke haɗuwa, suna da Sarkin Bebaye kamar yadda makafi da kutare ke da nasu sarakuna. Mahauci da tela da mai shayi da yawa suna iya ɗan abin da za su yi ciniki da kurma ba tare da tafinta ba. Kurman Bahaushe yana noma, yana sana'a, yana aure, yana cikin sahu a masallaci. Ta fuskar zaman tare, unguwannin Kano sun yi wa Alabamar da Foster ya baro nisa.

Inda aka bar shi a baya shi ne karatu. Makarantar allo a kan kunne da baki aka gina ta: malam ya biya, almajiri ya maimaita, a gyara masa furuci har ya zauna. Wannan tsari ya karɓi makaho hannu biyu, domin shi kunnensa da haddarsa sun ishe shi. Alhaji Aliyu Namangi na Zariya, mai waƙar Imfiraji, makaho ne tun yana ƙarami, amma ya yi karatu har ya zama malamin da Jami'ar Ahmadu Bello ta girmama da digirin dakta. Makafi sun kuma riga samun makarantar boko tasu, wadda 'yan mishan suka buɗe a Gindiri a 1953. Kurma kuwa yakan zauna a gefen tsangaya yana kallon leɓuna na motsi. An karɓe shi a kasuwa da gona, amma ƙofar ilimi a rufe take, ba don ƙiyayya ba, sai don babu wanda ya san yadda za a buɗe ta. Wannan giɓin ne Foster ya zo cikewa.

Sai dai cikewar ta zo da farashi, kuma adalci ne a faɗe shi. Na farko, Foster ɗan mishan ne, yaɗa addininsa na cikin manufarsa, bai kuma ɓoye ba. A yankin da iyaye Musulmi suka daɗe suna ɗari-ɗari da makarantun mishan, wannan ya taƙaita inda hannunsa zai kai kai-tsaye. Yawancin yaran Hausawa kurame sai a shekarun 1970 suka fara samun makaranta, lokacin da gwamnatocin jihohi suka buɗe nasu, kamar ta Tudun Maliki a 1977. A shekarar ce kuma Manufar Ilimi ta Ƙasa ta ware babi domin ilimin masu buƙata ta musamman, aka kuma kafa kwalejin horar da malamansu a Oyo.

Na biyu, harshen da ya kawo na Amurka ne, haɗe da Ingilishi. Malaman da aka horar a kansa su suka cika makarantun gwamnati, har ya zama tushen maganar hannun da ake kira ta Nijeriya a yau. A ƙasashe rainon Faransa ma alamomin Amurka aka ɗora wa kalmomin Faransanci. Amfanin a bayyane yake: kurman Kano da na Enugu da na Accra suna iya fahimtar juna fiye da yadda masu ji na waɗannan garuruwa za su yi da harsunansu na gado. Asarar ita ce maganar hannu ta gida ta koma abin rainawa, ta waɗanda ba su je makaranta ba. Yaro ya tafi makarantar kwana, ya dawo hutu da harshen da mahaifiyarsa ba ta sani ba, yana kuma jin kunyar wanda ta sani. Hausawan da suka yi boko a zamanin da ake cin tarar mai yin Hausa a aji ba sa buƙatar a yi musu dogon bayani.

A ware ko a haɗa

Akwai abin da ke kama da tufka da warwara a rayuwar Foster. Mutumin da wariya ta cuta tun yana yaro, shi ne ya ƙare rayuwarsa yana gina makarantun da kurame kaɗai ke shiga. Tun yana raye duniya ta fara juya wa irin waɗannan makarantu baya. A 1975 Amurka ta yi dokar da ta wajabta koyar da yara masu naƙasa tare da sauran yara gwargwadon iko. A 1994, a taron Salamanca na ƙasar Sifaniya, wakilan gwamnatoci 92 suka amince cewa makarantar unguwa ita ce ta kowa. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin masu naƙasa ta 2006, wadda Nijeriya ta tabbatar a 2010, ta bi wannan layi.

Amma rabewar Talladega da ta Ibadan ba abu ɗaya ba ne. A Talladega an ware yaro ne don a ba shi ƙasa da abin da ake ba wani. A Ibadan an tara yara ne don su sami abin da ba za su samu a warwatse ba, wato jama'ar da ke magana da harshensu. Gurgu idan aka gyara masa matakala, ya shiga aji ya ji duk abin da malam ya faɗa. Makaho idan ya sami rubutun makafi da mai karanta masa, ya bi darasi. Kurma shi kaɗai a cikin yara saba'in masu ji, babu tafinta, babu malamin da ya iya hannu, sunansa na cikin rajista amma shi yana waje. Takardar Salamanca da kanta ta yarda da haka, domin ta ce kurame, saboda buƙatarsu ta sadarwa, wataƙila makaranta ko aji na musamman ya fi dacewa da su. Masu ambaton takardar a tarukan bita ba su cika kaiwa wannan sakin layi ba.

Makarantar kwana ma tana da nata laifin. Tana raba ɗan shekara shida da iyayensa, tana da tsada, guraben ba su da yawa, kuma a Arewa iyaye da dama ba za su tura 'ya mace nesa da gida ba, balle wadda ba za ta iya faɗin abin da aka yi mata ba. Uban da ke Bulkachuwa yana tsakanin zaɓi biyu ne da kowanne ke da ciwo.

Dokar hana nuna wa masu naƙasa bambanci, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta ɗauki ɓangaren haɗawa. Ta ba mai naƙasa haƙƙin ilimi ba tare da wariya ba, kyauta har sakandare. Ta ce makarantun gwamnati su kasance na kowa, kowace ta sami aƙalla ƙwararre ɗaya, a kuma sa maganar hannu da rubutun makafi a manhaja. Ta ware kashi 5 cikin 100 na guraben aikin gwamnati domin masu naƙasa, ta ba da wa'adin shekara biyar a gyara gine-gine, wanda ya cika a Janairun 2024. A 2020 aka kafa hukumar ƙasa da za ta sa ido a kan aiwatarwa. Kalmomin sun yi kyau. Ƙwararre ɗaya a kowace makaranta kuwa yana nufin dubban malamai da sai an horar, an ɗauka, an biya, an kuma tura su ƙauye su zauna. A nan Foster ya fi masu rubuta manufa hangen nesa: shi kullum da malami yake farawa, gini ya biyo baya.

Tafiya ta ƙarshe

Daga baya iyalinsa sun koma Amurka, shi kuma ya ci gaba da raba shekararsa gida biyu, wani ɓangare yana neman gudunmawa, wani yana zagayen makarantu da horar da malamai. A shekarunsa na ƙarshe aikin ya fi karkata gabashin Zayar da ƙasashen da ke maƙwabtaka da ita, inda hanyoyin mota ba su da kyau, ƙananan jirage ne abin dogaro.

Ranar 3 ga Disamba, 1987, ya shiga wani ƙaramin jirgi da zai je Kenya. Jirgin ya faɗi a Ruwanda, kusa da Gisenyi a kan iyakar Zayar, babu wanda ya tsira. Foster yana da shekara 62.

Wata uku bayan haka, a Maris 1988, hukumar Gallaudet, wadda ta zama jami'a a 1986, ta naɗa sabuwar shugaba mai ji, ta tsallake 'yan takara kurame biyu. Ɗalibai suka rufe ƙofofin harabar, suka yi mako guda suna zanga-zanga, har aka janye naɗin aka ba I. King Jordan, kurma na farko da ya shugabanci makarantar cikin shekara 124. A 2004 jami'ar ta sa wa ɗaya daga cikin ɗakunan taronta sunan Andrew Foster, ƙungiyar baƙaƙen kurame ta Amurka kuma ta ajiye mutum-mutuminsa a bakin ƙofar.